Jandarman da Mutari Magini Ya Kwantar

Ga ta nan gare ku, sai dai mai wannan ba aljani ba ne, ba kuma dabbar daji ba. Mutum ne da ya ci tuwon hatsi, ya biya lanho, wato haraji, ya yi furfura a Kwanar Gawo, wani ɗan gari a bakin hanyar da ta fito daga Damagaram ta yi kudu. Sunansa Mutari magini, daga baya aka koma ce masa Shef. Bara da kaka Allah ya yi masa rasuwa, kuma waɗanda suka je zaman makoki sun ce ba su taɓa shan wuyar riƙe fuska kamar ranar ba. Mutum zai shigo ya durƙusa ya ce, "Allah ya jiƙan Shef," sai wani daga gefe ya yi ɗan tari, sai ka ga kafaɗu suna rawa a cikin manyan riguna.

Gini gado ne a wurin Mutari. Ubansa yana cikin maginan Birnin Damagaram, kuma tun ƙafarsa ba ta kai ta jaki kauri ba yake taka ƙasa yana mulmula tubali. Yana saurayi wani attajiri ya kira shi Kwanar Gawo ya yi masa zaure. Kafin yaɓe ya bushe ya hangi Inno, wata ƴar Gaffati da ta zo ganin gwaggonta, sai zauren ya ƙi ƙarewa. Yau zanko ya karkace, gobe indararo yana son gyara. Da attajirin ya gane inda aka dosa, shi da kansa ya shige gaba wajen neman auren, don dai a sakar masa zaurensa.

Hannu kam Allah ya ba shi. In ya yi maka katanga, jikanka ma zai jingina da ita. Amma abin da ya fi so shi ne zanen fuskar gida, irin wanda ake fitarwa da laka ya yi tudu: dagi, takobi, agogo, keke. Ya taɓa zana rediyo a ƙofar wani gida, har wata tsohuwa ta tsaya tana roƙon a kunna mata gaisuwa. Nasa gidan kuwa, duk haihuwar da Inno ta yi sai ya ƙara ɗaki, tun jariri bai san hannunsa ba an yi masa alkuki. Gida ya zama kamar saƙar zuma, baƙo in ya shiga sai an raka shi ya fito.

Aibinsa ɗaya ne. Bakin Mutari bai iya "ban sani ba" ba. Tambaye shi hanyar garin da bai taɓa ji ba, zai nuna maka da hannu har ya gaya maka inda za ka sami ruwa. Inno takan ce ranar da aka raba wa mutane "ban sani ba", maigidanta yana kan azara, aka yi ta kira bai sauko ba.

Da siminti ya shigo ƙasa, ya iya shi kamar da shi aka haife shi. Ya gina wata ƴar gada a kan kwarin da ke bayan gari, ruwan wata muguwar damina ya kwashe gonaki da rumbuna ya bar ta tsaye. Shi ke nan manyan ma'aikatar hanya da ke Damagaram suka ɗauke shi, suka ba shi hular kaki da ma'aikata masu shebur da buruweti, baron tura ƙasa, suka ce shi ne shef na wannan yanki na hanya. Faransancinsa bai cika cokali ba: "wi" da "dakor" na amsa umurni, sai "wala" in aiki ya yi kyau. Da su ya yi wa gwamnati aiki har ya tsufa.

Hanyar ta burji ce a lokacin, kuma kafin Mutari ramukanta sun isa a yi wa akuya wanka. Manyan kamiyo masu ɗauko gyaɗa da albasa sukan bi ta cikin gari suna tafiyar hawainiya, har mai tallan ƙosai ta yi ciniki da direba ta ba shi canji ba tare da ya tsaya ba. Mutari ya ɗauki rami a matsayin zagi. Da an ɗauke ruwa zai fita da mutanensa, a cike, a daddaɓe, a yayyafa ruwa a sake daɓewa, har hanya ta yi sumul kamar daɓen ɗakin amarya. Direbobi suka yi ta sa masa albarka. Sannan suka taka wuta.

To, gidan Mutari yana gabas da hanya. Lakwal, wato makarantar boko, da rijiya suna yamma. Duk wanda ke gidan nan, in karatu zai je ko ɗiban ruwa, sai ya tsallaka.

Kaji aka fara yi wa ta'aziyya. Daga nan sai akuyar Inno, mai ciki. Inno ta yi magana, Mutari ya ce direbobi duk yaransa ne, zai ja musu kunne. Ran nan da safe Zahra'u, ƴarsu da ba ta daɗe da shiga lakwal ba, ta zo tsallakawa, kamiyo ta fito daga kwana kamar an jefo ta. Allah ya tsare, yayarta Raliya ta fizgo ta baya. Amma takalminta ɗaya ya zauna a kan hanya, kuma da aka ɗauko shi ya koma kamar waina.

Inno ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye takalmin a gaban Mutari a kan faifai, kamar an kawo masa abinci, ta shiga ɗaure kaya.

"Inno, yaji za ki yi da girmanki?"

"Ba yaji ba ne, Malam. Ni ba ni da faɗa da kai, da hanyarka nake. Kai ka gyara ta, ita ce amaryarka, ku zauna lafiya. Ni da ƴaƴana muna Gaffati. Ran da mota ta koyi tafiya a hankali a ƙofar gidan nan, ka aiko."

"Lakwal fa?"

"Mai rai ke karatu."

Kafin azahar gida ya zama kango. Ta kwashe yara kaf, ta haɗa da sauran kajin, har turmi ba ta bari ba. Mutari ya yi ta zagaya ɗakunan da ya gina yana jin amsa-kuwwar tarinsa.

Abinci sai ya koma ci a teburin Ɗan'azumi, taubashinsa, mai sayar da goro da sukari a bakin hanya. Ɗan'azumi mutum ne gajere mai tumbi, wanda rabonsa da ganin yatsun ƙafarsa tun yana ango. Kullum da irin maraba da yake yi masa.

"Sannu da zuwa, gwauron gwamnati. Yau ma garin rogo ne, ko a jiƙa maka burji?"

"Rufe mini baki, bawana. Kai da aka haifa a zaune."

Da abin ya ishe shi, ya sa hular kaki ya hau mota zuwa Damagaram, wajen injiniyan da ke sama da shi, wani saurayi mai fara'a, Mushe Mahamud. Ya same shi a ƙofar biro, wato ofishinsa, ƙafa ɗaya a cikin mota, ana jiransa a wani wuri. Mutari ya zayyana masa komai a gurguje, har da takalmin.

"Shef, wannan ai mai sauƙi ne," in ji Mushe Mahamud. "Jandarma kwance za ka sa a gaban lakwal. Ɗaya ya isa. Ka san shi ai?"

"Wi, Mushe."

"Daga wannan bakin hanya zuwa wancan. Kada ya cika tudu, ya fasa wa mutane mota. Ka shafa masa fenti a riƙa hango shi daga nesa. Zan aiko maka da siminti."

"Dakor, Mushe."

Ku na yanzu kun san abin da ake nufi. Ɗan tudun nan ne da ake gittawa a kan hanya don mota ta rage gudu, wanda masu Faransanci suka yi wa laƙabi da jandarma kwance, saboda yana tsayar da direba ba tare da ya busa usur ba. Amma a wancan zamani ko ɗaya bai iso Kwanar Gawo ba, kuma Mutari bai taɓa jin sunan ba.

Duk hanyar komawa yana lissafi. Da farko ya ɗauka mai rai ake nufi, ya yi ta tunanin wane jandarma ne zai yarda ya kwanta a rana saboda takalmin Zahra'u, kuma wa zai tunkare shi da maganar. Can ya tuna an ce siminti, an ce fenti. Sai zuciyarsa ta yi sanyi. Ashe aikin magini ne. Wanda ya fitar da rediyo a bango, mutum zai gagare shi?

Da siminti ya iso, ya tare hanya da duwatsu, ya sa motoci su zagaya ta bayan kasuwa, ya je ya tsaya a kan Ɗan'azumi.

"Tashi, gwamnati na son ka."

"Me na yi?"

"Ba abin da ka taɓa yi, shi ya sa aka zaɓe ka. Kwanciya ce kawai, aikin da ka fi iyawa."

Sai da aka yi masa alkawarin tsire sannan ya yarda. Ya kwanta rigingine a tsakiyar hanya, Mutari ya bi gefensa da tsinke yana zana shi a ƙasa, mutanen gari sun kewaye su.

"Daina numfashi, kana ɓata mini awo."

"In na mutu kai za ka riƙe mini iyali? Kai da naka ma suka gudu?"

Ɗan'azumi bai kai ko rabin faɗin hanya ba, don haka Mutari ya ja ƙafafun zanen har suka taɓo wancan baki. Tumbin kuwa ya bar shi yadda Allah ya yi shi, ya ce babba ba ya kyau ba tumbi.

Aiki ya yi aiki. Takalma ƙafa-ciki a yamma, wajen lakwal. Kai a gabas, daidai ƙofar gidansa, da hula da gashin baki murɗaɗɗe. Ya fitar da ɗamara, ya jera maɓallai, ya rataya masa usur a ƙirji. Ido ɗaya ya rufe, ɗaya ya bari a buɗe yana kallon inda motoci ke fitowa, ya ce ma'aikacin kirki ba ya barci da ido biyu. Da ya gama shafa fenti ya ja da baya, ya riƙe ƙugu ya ce, "Wala."

Liman ya zo da sandarsa ya tsaya a wajen kan, ya daɗe yana kallo.

"Mutari, gunki a garin Musulmi?"

"Allah gafarta Malam, gunki ai tsaye yake ana faɗuwa a gabansa. Wannan shi ne a ƙasa, taka shi za a yi."

Liman ya shafa gemu ya ce zai duba, amma idon nan da ke buɗe bai kwanta masa ba.

Ranar da aka janye duwatsu, kamiyo ta farko ta fito daga kwana da gudunta na kullum. Sai ƙarar birki, har buhunan albasa suka zubo. Direba ya diro da takardun mota a hannu, ya cire hula, ya matso yana rusunawa.

"Ina kwana, ranka ya daɗe. Wallahi birkin ne bai..."

Ya tsaya. Ya leƙa. Ya sa ɗan yatsa ya taɓa gashin bakin. Mutari ya fito yana murmushi ya ce masa ya wuce, siminti ne.

"In wuce ta ina?"

"Ta kansa mana."

"Ni in taka hukuma? Da kakinsa da komai? Shef, ina da iyali."

Kafin rana ta take, motoci sun yi layi har bayan gari. Mata suka fito da fura da dafaffiyar gyaɗa, kasuwa ta ci a ranar da ba tata ba. Jakuna ma suka ƙi tsallakawa. Mutari ya bi direbobi ɗaya ɗaya yana rantse musu cewa umurni ne daga biro, har aka sami wani dattijo mai ƙarfin hali ya ce zai gwada. Ya kauce wa tumbin, ya saita ƙwauri, ya hau a hankali kamar mai taka ƙwai, kansa a waje yana cewa, "Gafara dai, ranka ya daɗe, gafara dai." Sauran suka bi sawunsa, kowa da tasa gafarar.

Mutari ya so ya aika Gaffati a ranar, amma labari ya riga ɗan aike, kuma ya yi ƙiba a hanya. Abin da ya isa kunnen Inno shi ne kaɗaici ya taɓa maigidanta, ya kayar da jandarma a tsakiyar gari ya shafe shi da siminti, gawar tana nan kowa na gani. Ta saki muciya, ta tattara yara, suka hau motar farko da ta samu.

Allah da ikonsa, safiyar da ta sauka ita ce safiyar da Mushe Mahamud ya zo duba aiki. Ya fito daga motarsa ya tsaya. Ya taka daga takalma zuwa hula, ya dawo daga hula zuwa takalma. Sannan ya zauna a kan tumbin ya yi ta dariya har hawaye suna ɗiga a kan maɓallan.

"Baba Mutari," ya ce da ya sami numfashi, "tudu ne kawai. Ɗan tudu, kamar kunyar dankali. Sunansa ne jandarma kwance. Ba kai, ba ƙafa, ba... wayyo Allah, har da usur!"

Gari ya ɗauka da dariya. Ɗan'azumi ya faɗi a bayan teburinsa yana dukan ƙasa. Mutari ya ji hular kaki ta yi masa nauyi, ya ɗaga ido don ya sami inda zai kalla, sai ya yi arba da Inno a cikin taro, da ƙunshin kaya a ka, yara sun jeru a bayanta.

"Me ya hana ka tambaye ni?" in ji Mushe Mahamud.

Mutari ya gyara tsayuwa. "Na sani mana, Mushe. Gani na yi a ce jandarma, sannan a bar shi ba fuska, raini ne ga hukuma."

Mushe Mahamud ya share ido ya ce to, ya ji, amma dole a fasa shi tun labari bai kai sama ba. In an sami wani simintin bayan damina, a yi na gaskiya.

Bayan damina! Mutari ya dubi ƙunshin da ke kan Inno, bai ma sauka ba balle a kwance shi. Ya buɗe baki, "dakor" ta ƙi fitowa.

Daidai nan wata kamiyo ta fito daga kwana. Inno ta ɗaga hannu ta ce kowa ya yi shiru, kuma yadda ta faɗa, har injiniya ya yi. Motar ta rage gudu tun daga nesa, ta zo tana rarrafe, direba ya leƙo ya ce, "Gafara dai," ya hau ƙwauri ya sauka. Inno ta bi ta da kallo har ta wuce. Wata ta sake zuwa, ita ma haka. Sai ta juya ga Zahra'u.

"Je ki rijiya ki dawo."

Yarinya ta tsallaka tana tafiyarta, har ta tsaya ta gyara ɗankwali a tsakiyar hanya, ta je ta dawo da takalmanta biyu.

Inno ta sauke ƙunshin ta ajiye a ƙasa. "Mushe, sannu da zuwa. Ni ban yi lakwal ba, ban san sunan abin nan ba, kuma ban ce yana da kyau ba. Amma duk mai son fasa shi, ya bari sai ya zo da wani a hannu. In ba haka ba, ni zan kwanta a wurin, kuma ni ba siminti ba ce, ina da baki."

Mushe Mahamud ya dubi Inno, ya dubi Mutari, ya ga wanda ya fi sauƙin yi wa gardama ba shi ne ke magana ba. Aka zauna a gindin gawo aka yi sulhu. Za a cire kai, don hankalin liman ya kwanta. Za a cire takalma da usur, a shafe kakin da farin fenti, don hankalin biro ya kwanta. Tumbin kuma a rage shi, saboda ƙananan motoci suna kan karce ciki a kansa.

"A rage a hankali," in ji Ɗan'azumi. "Na sha jiƙo iri-iri bai ragu ba, ashe guduma ce maganinsa."

Inno ta miƙa wa Mutari hannu, ya zuba mata mabuɗai. Ta shiga gida, aka jiyo muryarta tun daga zaure tana tambayar wane ne ya dafa shayi a tukunyar miyarta.

Da la'asar Mutari ya turo kan jandarman a buruweti, don ya ce aikin hannunsa ba zai kwana a juji ba. Inno ta ce a ajiye mata shi kusa da murhu, tsayinsa ya yi daidai da zaman tuƙa tuwo.

Ba ta sake ɗaure kaya ba. Yaran nan duk a lakwal ɗin suka yi karatu, suna tsallaka gangar jikin safe da rana, har Raliya ta zama malama a lakwal ɗin. Mutari ya ci gaba da cike ramuka har gwiwa ta hana shi, ya ajiye hular kaki, ya koma zama a ƙofar gida yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya fara kawo wannan fasaha ƙasar Damagaram, kuma da gangan ya yi mata fuska. Da aka zo shimfiɗa kwalta, an yi sabon tudu a daidai wurin, irin na kowa, amma tsofaffin direbobi har yau in sun hau shi sukan ce gafara, yaransu ba su san dalili ba.

Inno tana nan da ranta, ta tsufa, ido ya rage. Da safe takan sa a fitar mata da tabarma ƙofar gida, ta zauna tana sauraron motoci suna rage gudu, jikoki suna wucewa lakwal. Tuƙin tuwo ya koma hannun surukai, kuma amaryar da aka kawo gidan kwanan baya ta ƙi zama a mazaunin Inno na bakin murhu, ta ce abin yana kallonta da ido ɗaya.

Ƙurunƙus kan jandarma.